Daga Abuja zuwa Landan kai tsaye: yadda ake buɗe hanyar jirgi mai dogon zango, da abin da ke kashe ta

Ranar Lahadi 26 ga Oktoban 2025 jirgin kamfanin Air Peace ya tashi daga filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe da ke Abuja ya nufi Heathrow a birnin Landan. Kusan wata 19 ke nan bayan kamfanin ya fara zuwa Gatwick, wani filin jirgin na Landan, daga Legas, ranar 30 ga Maris 2024. A tsakanin waɗannan ranaku biyu an yi ta musayar wasiƙu da barazana tsakanin Najeriya da Birtaniya, har mai sauraron labarai ya rasa inda aka dosa. Idan akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, me ya hana jirgin Najeriya sauka inda ya ga dama tun farko? Me ya sa ba a tashi daga Kano ko Jos? Ina labarin Amurka? Sannan tambayar da ta fi damun mai ɗa a makarantar Ingila ko mara lafiya a asibitin Indiya: kuɗin tikiti zai sauko?

Izini daban, gurbi daban

Tushen ruɗanin shi ne ana cakuɗa abubuwa uku da kowannensu hukumarsa daban.

Na farko izinin ƙasa. Tun taron Chicago na 1944, wanda ya haifar da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ICAO, aka tsaya a kan cewa kowace ƙasa ita ke da ikon sararin samaniyarta. Jirgin fasinja na wata ƙasa ba ya ɗauka ko saukewa a cikinta sai gwamnatocin biyu sun ƙulla yarjejeniya, wadda ma'aikatan harkar ke kira BASA. Ita ke faɗin kamfanoni nawa kowane ɓangare zai tura, sawu nawa a mako, kuma garuruwa nawa. Gwamnati ce ke naɗa kamfanin da zai ci gajiyar kasonta. A Najeriya wannan aikin ma'aikatar sufurin jiragen sama ne.

Na biyu shaidar lafiyar aiki. Hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya ce ke ba kamfanin Najeriya lasisi, amma ƙasar da za a je ita ma sai ta yi nata binciken. Tarayyar Turai tana da takardar da take bai wa kamfanonin waje, Birtaniya ma tana da tata tun da ta fice daga Tarayyar. A nan ne batun Amurka ya maƙale. Najeriya ta samu matsayi na ɗaya na lafiyar aiki daga FAA, hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, a 2010, amma aka cire sunanta daga jerin a 2022 saboda an daɗe babu kamfanin Najeriya da ke zuwa can. Yarjejeniyar buɗe sararin samaniya tsakanin ƙasashen biyu ta fara aiki gadan-gadan a Mayun 2024, wato ƙofa a buɗe take a takarda. Sai dai kamfanin da ke son shiga da jirginsa na kansa sai an sake tantance ƙasar tukuna, in ba haka ba ya ɗauko hayar jirgi da matuƙansa daga ƙasar da ke da matsayin.

Na uku shi ne gurbi: damar sauka da tashi a wani fili, a wata rana, a wani ƙayyadajjen lokaci. Direban da ke da lasisi da cikakkun takardun mota, in ya shiga tashar Jabi ba layi ba zai yi lodi ba. Haka abin yake a manyan filayen duniya, sai dai layin na can ana sayar da shi da miliyoyin daloli.

Me ya faru a Heathrow

Titin jirgi biyu kacal Heathrow ke da su, kuma doka ta ƙayyade masa sauka da tashi 480,000 a shekara. Ya daɗe da kusan cika maƙil. Kamfani mai zaman kansa, ACL, shi ke raba guraben, bisa ƙa'idar da ta ce wanda ya yi amfani da gurbinsa kashi 80 cikin 100 a kakar bana shi ke da shi a kaka irinta ta baɗi. Saboda haka tsofaffin kamfanoni ba sa saki, baƙo kuwa ko ya jira ɗan abin da ya rage, ko ya saya, ko ya yi haya. A 2016 kamfanin Oman Air ya biya dala miliyan 75 don gurbin sauka da tashi guda ɗaya na sassafe. Sau biyu ake sauya jadawali a shekara, Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Shi ya sa ranar fara sawun Abuja ta faɗo a 26 ga Oktoba.

Hujjar Najeriya ita ce ramuwar gayya da adalci. British Airways na zuwa Legas da Abuja kullum, Virgin Atlantic na zuwa Legas kullum, sawu 21 ke nan a mako, duk a filayen da suka fi kowanne daraja a ƙasar. A watan Agustan 2024 ministan sufurin jiragen sama Festus Keyamo ya rubuta wa takwararsa ta Birtaniya ta lokacin, Louise Haigh, cewa in ba a ba Air Peace gurbi a Heathrow ba, to kamfanonin Birtaniya ma za su iya rasa Legas da Abuja.

Hujjar Birtaniya kuma ita ce yarjejeniyar ta yi maganar gari ne da yawan sawu, ba ta yi alkawarin wani fili ba, kuma gwamnati ba ta da ikon ƙwace gurbin wani ta ba wani. Kowane ɓangare yana da gaskiya a inda ya tsaya. A takarda Gatwick ma Landan ne. A kasuwa kuwa Heathrow ne ke da jiragen da ke wucewa Amurka da Kanada da sauran garuruwan Turai, kuma can ne masu sayen kujerun gaba suka fi so.

Wannan taƙaddama ba sabuwa ba ce. A 2011 Arik Air ya dakatar da sawunsa na Abuja zuwa Heathrow kan batun gurbi, Najeriya ta yi barazanar rage wa British Airways sawu. A Disambar 2021 aka maimaita da Hadaddiyar Daular Larabawa: da aka rage wa Air Peace gurbi a Sharjah, sai Najeriya ta mayar da sawun Emirates daga 21 a mako zuwa 1, kafin daga baya a sasanta.

Lissafin da ake yi kafin a sa rana

A ce izini ya samu, gurbi ya samu. A nan ne ainihin aikin yake farawa, kuma shi ne ɓangaren da ba a cika jin sa a labarai ba.

Motar haya ba ta tashi sai ta cika. Jirgi yana tashi ne a kan lokaci, ko ya cika ko bai cika ba, kuma kujerar da ta tafi babu kowa ta tafi ke nan, ba a ajiye ta zuwa gobe. A ɗauki misalin jirgi mai kujera 300 da zai riƙa tashi kullum: kujera 2,100 ke nan a mako a tafiya, wasu 2,100 a dawowa. Kuɗin mai, albashin matuƙa, hayar jirgi da kuɗin sauka kusan ɗaya ne ko mutum 120 aka ɗauka ko 280.

Don haka abin da masu tsara hanya ke fara nema shi ne mutum nawa ne yanzu haka ke tafiya tsakanin garuruwan biyu, ko da ta wata hanya suke bi. Suna sayen bayanan tikitocin da aka sayar a duniya, su ga wanda ya tashi daga Abuja ya yada zango a Addis Ababa, Doha, Istanbul, Alƙahira ko Frankfurt, daga ƙarshe ina ya sauka, kuma nawa ya biya. Daga nan sai su ƙiyasta kaso nawa za su iya janyewa, da kuma sababbin matafiya nawa sauƙin hanya zai jawo.

Yawan mutane kaɗai ba ya riƙe hanya. Abin da kowannensu ya biya shi ne magana. 'Yan kujerun gaba, waɗanda ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na jirgi ba a yawancin tsare-tsare, sukan kawo kaso mai tsoka na kuɗin shiga. Wannan ne ƙarfin Abuja. Jama'arta ba su kai na Legas ko Kano ba, amma nan ne gwamnati take, da ofisoshin jakadanci, da hedikwatar ECOWAS, da ƙungiyoyin agaji, mutanen da ofis ke saya wa tikiti kuma ba sa jiran rangwame. Kano kuwa tana da taron 'yan kasuwa da masu zuwa Umara, amma fasinja ne mai taya farashi, kuma fuskarsa gabas take kallo: Jidda, Madina, Dubai, Guangzhou. Abin da ya sa kamfanonin waje da ke sauka Kano irin su Ethiopian Airlines da Qatar Airways, wanda ya fara zuwa can a 2022, duk masu kai mutane gabas ne.

Sai yanayin shekara. Hanyar Landan tana cika daga Yuli zuwa Satumba da kuma Disamba, kuma cikar takan karkata gefe guda: a watan Satumba ɗalibai na tafiya, a tsakiyar Disamba mazauna can na dawowa gida, ɗaya ɓangaren kuma da saura. Fabrairu da Mayu su ne watannin da ke gwada ƙarfin kamfani. Jigilar alhazai ba ta cikin wannan lissafi, domin ita shata ce ta 'yan makonni da hukumar alhazai ta NAHCON ke rabawa tsakanin kamfanonin gida da na Saudiyya. Nasarar kamfani a aikin Hajji ba ta nuna zai iya riƙe sawu kullum tsawon shekara.

Akwai kuma abin da ba ya hannun kamfani sam: biza. Daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban waje zuwa da iyalansu. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya. Sanarwa guda irin wannan tana iya rushe lissafin shekara biyu.

Ƙarƙashin ƙafar fasinja kuma akwai kaya. Babban jirgi yana ɗaukar tan da yawa a cikinsa, kuma wannan kuɗi ne da kan cike giɓi. Matsalar Najeriya a nan ita ce jirage kan shigo da kaya maƙare su koma da sarari, saboda ƙarancin ɗakunan sanyi da takardun shaidar inganci da Turai ke nema kafin ta karɓi kayan gona. Tumatir, barkono da strawberry na Filato suna da kasuwa, amma sai sun isa bakin jirgi da sanyinsu.

Jirgin, da hanyar da zai bi

Tsakanin Abuja da Landan bai kai kilomita 5,000 ba, tafiyar awa shida da 'yan kai. Jirgi ɗaya zai iya zuwa ya dawo cikin kwana guda. Amma kamfanin da ya dogara da jirgi ɗaya tak, ranar da tsuntsu ya shiga injinsa ko lokacin babban gyara ya yi, sawu ya tsaya, fasinja sun kwana a otal a kuɗin kamfani, kuma in abin ya yawaita gurbin da aka sha wuya a kansa ya suɓuce. Don haka ake son a sami na ko-ta-kwana, wanda shi ma kuɗi yake ci yana ajiye.

Tsofaffin Boeing 777 irin waɗanda kamfanonin Najeriya kan saya suna da araha wajen saye, suna da tsada wajen mai da gyara. Sababbi irin 787 ko A350 akasin haka ne. Akwai kuma ƙaramin jirgi mai dogon numfashi, Airbus A321XLR, da ya fara aiki a ƙarshen 2024, wanda ke iya cin kimanin kilomita 8,700 da fasinja kusan 200. Irinsa ne ke iya sauya lissafi ga garuruwan da ba za su cika jirgi mai kujera 300 ba.

Hanyar sama ma ba kullum take miƙe ba. Da Nijar ta rufe sararin samaniyarta a Agustan 2023 bayan juyin mulki, jiragen Turai zuwa Najeriya sun koma zagaye, lokaci da mai suka ƙaru. Yaƙin Sudan tun Afrilun 2023 ya yi wa hanyoyin gabas irin haka.

Filin gida ma yana da nasa. Titin jirgi ɗaya Abuja ke amfani da shi, kuma da aka rufe shi mako shida don gyara a 2017 aka karkatar da jirage Kaduna, yawancin kamfanonin waje ƙin zuwa suka yi. Ethiopian Airlines ne ya je. Shi kuwa filin Yakubu Gowon da ke Heipang kusa da Jos, yana kan tudu ne mai tsayin sama da mita 1,200. Iska a can ba ta da kauri, don haka babban jirgi cike da mai da kaya yana buƙatar titi mai tsawo sosai kafin ya ɗaga. Ko an warware wannan, tambayar farko tana nan: mutum nawa ne daga Jos za su sayi tikitin Landan kowace rana ta Allah?

Ciniki da naira, biya da dala

Kamfanin Najeriya yana sayar da yawancin tikitinsa da naira. Hayar jirgi, inshora, kayan gyara, horar da matuƙa da kuɗin sauka a waje duk da dala ko fam ake biya. Da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a Yunin 2023, kuɗin da ake kashewa ya ninka ba tare da an ƙara kujera ko ɗaya ba. Bashin banki a gida kuma ruwansa ya haura kashi 20 cikin 100, alhali abokan hamayya na Turai da yankin Gulf suna ranta da ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Kamfanonin waje ma sun ɗanɗana. A 2023 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce kuɗinsu da ya maƙale a Najeriya, wanda suka kasa canzawa zuwa dala su fitar, ya haura dala miliyan 800. Emirates ya daina zuwa a ƙarshen 2022, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoban 2024. Sauran kuma suka rufe tikitocinsu masu araha, suka bar masu tsada.

Wannan yana da muhimmanci wajen fahimtar saukar farashin da aka gani a 2024. Air Peace ya shigo hanyar Legas zuwa Landan da tikitin zuwa da dawowa daga kusan naira miliyan 1.2, sauran kamfanoni kuma suka rage nasu. Magoya bayan kamfanin suka ce gasa ce ta yi aiki, har wasu suka zargi na waje da karya farashi da gangan don su kore shi. Amma a daidai wannan lokaci Babban Bankin Najeriya yana biyan kuɗaɗen da suka maƙale, kamfanonin waje suna sake buɗe ƙananan tikitoci, naira ma ta ɗan farfaɗo na wasu makonni. Abubuwan uku tare suka zo, kuma ba a iya ware ɗaya a ce shi kaɗai ne sanadi.

Masu ba da hayar jirage sun daɗe suna ɗari-ɗari da Najeriya, don sukan sha wuyar ƙwato jirginsu a kotu in aka kasa biya. Shi ya sa kamfanonin gida kan koma hayar jirgi tare da matuƙansa da masu gyaransa, wadda ta fi tsada ƙwarai. A Satumban 2024 aka fitar da sababbin ƙa'idojin kotu don aiwatar da yarjejeniyar Cape Town ta 2001, wadda ke sauƙaƙa wa mai jirgi karɓar abinsa. Amfanin wannan a hankali yake bayyana, don mai dukiya sai ya ga yadda aka yi da shari'ar farko.

Waɗanda suka riga

Nigeria Airways ta je Landan da New York shekara da shekaru kafin ta durƙushe a 2003. Virgin Nigeria ya bar dogon zango a 2009. Arik Air ya riƙe Landan, New York da Johannesburg har zuwa 2017, lokacin da AMCON, hukumar gwamnati mai karɓo basussukan bankuna, ta karɓe shi saboda bashi. Medview ya fara Gatwick a 2015, bai daɗe ba. Duk sun sami izini, duk an yi bikin buɗe hanya. Abin da ya kayar da su bashi ne, da ƙarancin jirage, da rashin abokan hulɗa a ɗaya gefen.

Kariya ko buɗe ƙofa

Ƙungiyar masu kamfanonin jiragen sama ta Najeriya, AON, ta daɗe tana cewa a daina bai wa kamfanonin waje damar sauka a garuruwa da yawa. A ganinta, su tsaya Legas ko Abuja, na gida su kwaso musu fasinja daga Kano, Enugu da Fatakwal. Ita ce ma ta kai ƙara kan shirin Nigeria Air, wanda aka tsara Ethiopian Airlines zai riƙe kashi 49 cikin 100, har kotun tarayya a Legas ta soke cinikin a Agustan 2024. Masu wannan ra'ayi suna kuma neman dokar da za ta tilasta wa jami'an gwamnati hawa jiragen gida, kamar yadda Amurka ke yi tun 1974.

Ɗaya ɓangaren, wanda ya haɗa da 'yan kasuwar Arewa da dillalan tikiti da yawa, yana cewa mutumin Kano bai ga laifin da ya yi da za a ce sai ya kwana Legas kafin ya tafi Dubai ba, musamman ganin yadda jiragen cikin gida ke jinkiri da soke tashi. Suna kuma tunatar da cewa Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka amince da shirin kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya ta Afirka, wanda aka ƙaddamar a Addis Ababa a Janairun 2018.

Kariya tana ba kamfanin gida lokacin tsayawa da ƙafarsa, matafiyi ne ke biyan kuɗin jiran. Buɗe ƙofa tana saukar da farashi yau, amma tana haɗa kamfani mai manyan jirage ƙalilan da masu ɗaruruwa, waɗanda kuma ke cikin manyan ƙawancen kamfanonin jirage na duniya guda uku da babu kamfanin Najeriya ko ɗaya a ciki.

Abin da zai shafi matafiyi

Sawu kai tsaye daga Abuja yana rage wa mutumin Arewa kuɗin jirgin Legas da kwanan otal, kuma yana kawar da batun bizar wucewa da ake nema daga 'yan Najeriya a filayen ƙasashen Shengen na Turai, in ba su da wasu takardun da aka keɓe. Ƙarin kamfani a hanya yakan sassauta farashi, amma a watannin da ba cunkoso. Wanda ya jira mako biyu kafin Kirsimeti ko buɗe makarantu zai biya da tsada ko wane jirgi ya hau.

Dorewar hanyar Abuja ta dogara da ko za a iya kawo mata fasinja daga Kano, Yola, Maiduguri, Sakkwato da Gombe a kan lokaci. A nan bambancin tikiti ɗaya da tikiti biyu yake da girma. In tafiyar duka a tikiti ɗaya take, jirgin Yola ya makara, nauyin kamfani ne ya sa mutum a sawu na gaba. In daban-daban aka saya, asarar ta fasinja ce. Mutumin Jos da zai biyo mota ta Akwanga da Keffi, shi kam lissafin lokacinsa a wuyansa yake.

Haƙƙin diyya ma ya bambanta da inda aka tashi. Dokar Birtaniya ta shafi duk jirgin da ya tashi daga filinta, na kowace ƙasa ne, kuma diyyar dogon zango tana kaiwa fam 520 in jinkirin ya kai awa huɗu kuma laifin kamfani ne. Amma in daga Abuja aka tashi a jirgin kamfanin Najeriya, wannan doka ba ta hau kansa ba. Ƙa'idojin kare fasinja na NCAA ne ke aiki, kuma can ake kai ƙorafi.